Kwana 91 na ɗari: yadda mutanen ƙasar Daura suka zauna da hunturu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda ba su samu saurare ba, da waɗanda data ta yi wa gardama.

Yau Mai'adua za mu je, can bakin iyaka, arewa da Daura. Tana cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, ita da Daura da Sandamu da Zango da Baure. In ka bi ta Kwangwalam ka tsallaka, ka shiga Nijar ke nan, hanyar Matamaye da Damagaram. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi ta Mai'adua a watan Disamba ko Janairu ya san yadda take. Hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faifai, kana iya kallonta ido da ido. Dillalan shanu sun naɗe fuska da rawani, masu shayi ba su da lokacin kansu, gashin idon kowa ya yi fari. Hantsi ya ɗaga amma ba wanda ya cire rigar sanyi. Azahar na yi kuma sai ka ga ana neman inuwa.

Mu yanzu hunturu a wajenmu lokacin mura ne da kaushi da faso, muna ta lissafin ranar da zai wuce. To su mutanen da fa? Abin da nake so mu duba ke nan: yadda suka tsara aiki da abinci da gida da tafiya a kan wannan lokacin, da kuma inda tsarin nasu ya cuce su, don ba duka ne ya yi kyau ba.

Mu fara da lissafi. Watannin Musulunci da wata ake ƙirga su, kowace shekara suna matsowa baya da kamar kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagaye shekara. Waɗanda aka haifa bayan 2000 yawancinsu ba su taɓa yin azumi a tsakiyar sanyi ba, amma yana tafe: a 2030 a watan Janairu zai kama. Wannan lissafin ya dace da ibada, sai dai manomi ba zai iya shuka da shi ba. Saboda haka malamai da manoma suka riƙe wani lissafin daban, na taurari, wanda ya zo mana ta littattafan Larabci. Taurari 28 ne, kowanne yana da kwana 13, ɗaya ne kawai ake ƙara wa kwana guda don shekara ta cika 365. Aka raba su gida huɗu: bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Bakwai sau 13, kwana 91 ke nan. Taurarin ɗari su ne Shaula, Na'a'ima, Balda, sai Sa'adu guda huɗu a jere: Zabihu, Bula'u, Sa'udu da Ahbiya. Har gobe akwai dattawan da in ka tambaye su za su ce maka yau kwana kaza da shigar tauraro kaza, ba tare da sun duba waya ba.

Kun ga ke nan ɗari yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe. Mutum ya san yaushe zai gyara jinka, yaushe zai fito da gwado, yaushe zai kama hanya.

Ita iskar kuma daga ina take zuwa? Daga arewa maso gabas. A arewacin Chadi akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, wanda a da can ƙasan wani babban tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yanzu. Ruwan ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Cikin 'yan kwanaki sai ga shi a kan tabarmarka a Mai'adua. Wani ma yakan ƙetare tekun Atlantika har Kudancin Amurka. Masu binciken ƙasa sun auna ƙurar da ke sauka a ƙasar Hausa, sun ga tana ɗauke da sinadaran da gona ke so. Don haka in ka ji tsohon manomi yana murna da hazo mai kauri, kar ka yi masa dariya.

Sanyin kuma bushewar iska ce ke kawo shi. Babu danshi, babu gajimare, duk zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere da dare. Da rana a kai digiri 30, da asuba a sauko wajen 12, wani lokacin ƙasa da 10. Wani zai ce wannan ai ba sanyi ba ne in aka kwatanta da Ingila. To ku ji wannan. A ƙarshen Disambar 1823, wasu Turawa biyu 'yan ƙasar Sikotland, Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney, suna tafe daga Borno za su Kano. Clapperton ya rubuta cewa wata asuba sun tashi sun tarar ruwan da suka bari a kwanuka ya yi ƙanƙara a sama, salkunansu sun ƙandare. Oudney da ma yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu ranar 12 ga Janairun 1824 a kusa da Katagum. Clapperton shi kaɗai ya shiga Kano bayan kwana 8. Mutumin ƙasar ƙanƙara ne fa yake ba da labarin sanyinmu.

Amma ga abin da muke mantawa. A shekarar manomi, ɗari shi ne lokacin ƙoshi. Wahalar gaske tana tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga noma, ga sauro, ga zazzaɓi. Kafin ɗari ya shigo an girbe gero, an yanke dawa, an roro wake, an cire gyaɗa. Rumbu cike yake, sauro ya ja baya, jiki ya samu sarari. Shi ya sa aure da kaciya da dambe da kokawa da farauta duk suka taru a bayan kaka. Kaciya musamman da sanyi ake so a yi ta, don wanzamai sun lura ciwo ya fi saurin kamewa in iska ta bushe.

Hanya ma a lokacin take buɗewa. Rafuka sun janye, laka ta bushe, jaki da raƙumi suna iya tafiya. Buzayen Azbin sukan tashi wajen Oktoba su ƙetare saharar Tenere zuwa Fachi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu zuwa Damagaram da ƙasar Hausa su sayar, su sayi gero da tufafi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, a cikin irin wannan ayarin gishirin ya shigo ƙasar Hausa: ya biyo su daga Azbin a Disambar 1850, ya iso Tasawa a Janairun 1851, ya bi ta Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Kuma ayarin ba juyawa yake nan take ba. Raƙuma sukan yi watanni a gonakin Hausawa suna cin kara da ganye, suna bar wa mai gona taki. Haka Fulani da shanunsu. Manomi har hatsi yakan ba makiyayi don ya kwana a gonarsa. Gona ɗaya, da damina ta mai shuka ce, da ɗari ta mai dabba ce, kowa ya san lokacinsa. Ku riƙe wannan in kuna jin labarin rikicin manoma da makiyaya na yau, don wani ɓangare na rigimar rigimar kalanda ce: wane wata dabba za ta shiga gona.

Kasuwa irin ta Mai'adua a kan wannan tsohuwar mu'amalar take tsaye, arewa ta kawo dabba, kudu ta ba da hatsi da kaya. Iyakar da ta raba mu da Matamaye kuwa jiya-jiya aka yi ta. Tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa alamominta.

Su ma 'yan gari ba zama suke ba. Kalmar cin rani ku duba ta da kyau: mutum ya je ya cinye rani a wani wuri, ya bar hatsin rumbu ga mata da yara da tsofaffi, ya dawo da ɗan abin hannu kafin ruwan shuka. Baki ɗaya da ya ragu a gida na wata biyar, ba ƙaramin hatsi ba ne. Masaƙa, majema, maɗinka, masu gini, 'yan koli, kowa ya kama hanyar Kano ko wani birnin. Almajirci ma asalinsa da yawa haka yake. Malam ya kwashi yara bayan girbi, a yi karatu da dare da asuba a gefen wutar kara, wutar ita ce fitila ita ce bargo, in damina ta matso a koma gona. Almajirin da muke gani yanzu, wanda yake birni shekara ta zagayo ba ya komawa ko'ina, ragowar wancan tsarin ne bayan an cire masa gonar.

Sai dai hanyar da ta buɗe wa fatake ta buɗe wa mahara. Yaƙi ma sana'ar rani ce, don doki ba ya son laka, dakaru kuma suna gona da damina. Ƙasar Daura ta ɗanɗana wannan a ƙarni na 19. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, tsohon gidan sarauta ya fice, daga baya ya kafu a Zango da Baure, Damagaram kuma tana ƙara ƙarfi daga arewa. Ƙauyukan tsakani, irin na wannan yankin da muke magana, in kaka ta wuce sai a kasa kunne. Sai a 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa gadon Daura. Su kansu Turawan kalandar suka bi: a ƙarshen Janairun 1903 rundunarsu ta tashi daga Zariya, ranar 3 ga Fabrairu ta ci Kano, cikin hunturu.

Yanzu mu shigo cikin gida, don a nan ne na fi ganin abin koyo. Soron ƙasa bangonsa mai kauri ne, na tubali da yaɓe, rufinsa azara ce da ƙasa, tagarsa 'yar ƙarama ce can sama. Katangar takan sha rana wuni guda, zafin ya ratsa ta a hankali, sai cikin dare yake isa ɗaki, daidai lokacin da ake buƙatarsa. Da bazara kuma ta yi akasin haka. Ɗakin kara da jinka ma yana riƙe ɗumi fiye da yadda kuke zato. Mu kuma muka koma bulo da kwano, wanda in rana ta faɗi minti kaɗan ya huce, asuba ta yi kamar kana kwance a waje. Ba na cewa a rushe gidan siminti, ginin ƙasa yana da nasa wahalar, kowace shekara sai an yi yaɓe, damina mai ƙarfi kuma tana kayar da shi. Amma a batun sanyi da zafi kam, kakanninmu sun fi mu kwana da daɗi, kuma ba su biya kuɗin wuta ba.

Lokacin aiki ma sauyawa yake. A daidai inda Mai'adua take, daren Disamba ya fi na Yuni tsawo da kusan awa ɗaya da rabi. A yi sallar asuba, a dawo a zauna jin ɗumi, sai hantsi ya fito a fita. Da dare a ci tuwo da wuri, yara su kewaye kaka a yi tatsuniya, Kaza da 'ya'yanta tana tsakiyar sama, a kwanta. Yau fa? Agogon makaranta da na ofis ba su san Shaula ba. Yaro ɗan shekara shida yana tsaye a layi ƙarfe bakwai da rabi da 'yar riga shara-shara, ɗan acaɓa yana keta hazo tun duku-duku ba takunkumi, mu kuma muna kan waya har ƙarfe ɗayan dare. Sannan mu ce sanyin bana ya fi na bara mugunta.

Abinci kuma abin da lokacin ya kawo shi ake ci. Tsamiya a lokacin take nuna, ga kunun tsamiya. Sabuwar gyaɗa, ga kunun gyaɗa. Koko da ƙosai da safe, miyar kuka da daddawa da dare, komai da zafinsa, komai da yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba. Yara suna daji suna tsintar magarya da kurna da aduwa, itaciyar da kunne ke jin sunanta a cikin sunan garin Mai'adua. A fadama kuma ana ɗiban ruwa da jigo ana ban ruwan albasa da alkama. Alkama dai ba ta yi sai da sanyi, shi ya sa har yau masu noman rani, irin na bakin madatsun Sabke da Daberam, in za su shuka ta suke so ta shiga ƙasa wajen Nuwamba. In aka makara zafin Maris ya riske ta, an yi asara. Fata kuma man kaɗanya ne da man shanu da man gyaɗa. Man kaɗanyar nan da muke rainawa, shi ake zubawa a kwalba mai kyau a Turai a sayar mana da tsada. Abu ɗaya da sanyi ke yaudarar mutum a kai shi ne ruwa: ba ka jin ƙishi, amma busasshiyar iska tana tsotse ka ta hanci da fata. Kunu da fura sun rufa wa mutanen da asiri a nan ba tare da sun sani ba.

To, inda aka yi kuskure. Bahaushe ya ɗauki sanyi a matsayin cuta mai shiga jiki ta zauna, kuma wanda aka fi ji wa tsoro ita ce mai jego. Daga nan wankan jego ya samo asali: tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano-kwano. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka ga abin ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da wannan zafin da kuma gishirin da ke cikin kanwa. Niyyar iyayenmu mata kyakkyawa ce, amma maganin ya wuce kima. Haka kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci ya zarce. A fitar da kasko kafin a kwanta, don Allah. Ga kuma gobara, wadda kowane hunturu sai ta ci gidaje da kasuwanni, saboda komai ya bushe kuma iska na kaɗawa.

Babbar cutar lokacin kuwa ita ce sanƙarau. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da take yawan ɓarkewa a Afirka, kuma ƙasar Daura tana tsakiyarsa. Ƙura da bushewa suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sanyi kuma yana sa mutane su cunkushe a ɗaki ɗaya a toshe ko'ina. Takan fara da hunturu, ta yi tsanani da bazara, ruwan farko ya kashe ta. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ba citta ba kanumfari da suka tare ta. Abin da ya karya lagon nau'in da ya fi kisa allura ce, MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, ta iso Najeriya a 2011. Wani nau'in ya sake ɓulla a 2017, har da jihar Katsina, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokacin, asibiti ake nufa a ranar, ba a jira gobe.

Akwai itaciya ɗaya da ban ambata ba, ita ce gawo, kuma tsarin nan duka ya jingina da ita. Gawo yana yin komai a juye. Da damina, sa'ad da kowace itaciya ta yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Ɗari na shigowa sai ya yi lif da ganye, ya rage ƙarfin iska, ya ba dabba inuwa, daga baya ya zubo mata 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbar ta tsaya a gindinsa ta bar taki. Kowane manomi ya san geron gindin gawo daban yake. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba izini, har ana cewa kisa ne.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin kudancin Nijar sun yi ƙwal, iska tana binne shuka da rairayi. Sai manoma suka koma barin tohon da ya fito da kansa a gona, su rage masa rassa, su kare shi daga gatari da awaki. A wajen Maradi wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun daga 1983. A Magarya da Matamaye da Mirya kuwa gawo ne ya fi yawa a cikin abin da ya dawo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanyar a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Da suka jera hotunan tauraron ɗan Adam na bakin iyaka, a wurare da dama sai ga layin iyakar ya fito da kansa: ɓangaren Nijar, mai ƙarancin ruwan sama, ya fi namu itatuwa. Ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwar Lahadi ɗaya. In hanya ta kai ku Kwangwalam a wannan sanyin, ku ƙirga gawon da ke gonakin hagu da dama kafin shinge, ku sake ƙirgawa bayan kun wuce shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A sha kunu da zafinsa.